Shin mawaƙan Turai sun ari tunaninsu daga addinin Buddha?

Masana adabi sun daɗe suna lura da kamanni tsakanin koyarwar Buddha da tunanin marubuta waƙoƙin Romantik, salon da ya bunƙasa a Ingila da Jamus daga ƙarshen ƙarni na 18.

A Ingila, ana danganta mafarin salon da wani littafin waƙoƙi da Wordsworth da Coleridge suka fitar a 1798, inda suka fifita abin da zuciya ke ji da kuma nazarin halittu a kan dogaro da hankali kaɗai.

Buddha, wanda ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekaru 2,500 da suka wuce, ya koyar da cewa babu abin da ke dawwama, kuma abin da mutum ke kira "ni" ba tabbataccen abu ba ne.

Ana ganin irin wannan a waƙar Shelley ta 1818 mai suna Ozymandias, wadda ta siffanta rusasshen gunkin wani sarki a cikin hamada. A wannan shekarar kuma Keats ya bayyana a wata wasiƙa cewa mawaƙi ba shi da wata kama tasa ta kansa.

To sai dai tarihi bai goyi bayan batun aro ba. Keats ya mutu a 1821, Shelley kuma a 1822, alhali sai a 1844 ne Bafaranshe Eugène Burnouf ya wallafa littafin da ya aza harsashin nazarin addinin a Turai.

Akwai kuma saɓani mai zurfi. Mawaƙan na ɗaukaka shauƙi da bege, yayin da Buddha ke ganin kwaɗayin rai shi ne tushen wahala, wanda dole a kashe shi.

Hasali ma, wasu masana na ganin tasirin ya bi ta ɗaya ɓangaren ne. A littafinsa na 2008, David McMahan ya nuna cewa Turawa da Amurkawa sun fahimci addinin ne ta mahangar tunanin Romantik.

Ke nan, abubuwa da dama da ake yaɗawa a Yammacin duniya da sunan Buddha, kamar narkewar mutum cikin halittu, sun fi kusa da waƙoƙin Wordsworth a kan tsoffin littattafan addinin.