Tanadin Tsufa a Ƙasar 'Yandoto: Me Ya Sa Faɗa da Baki Ya Daina Isa

Tun kafin jihadi sunan 'Yandoto ya zagaye ƙasar Hausa saboda malamai da littattafai. Almajirai kan yi takakka daga nesa su zo neman ilmi a garin, har zuwa wajen 1806 da rundunar Muhammadu Bello ta ci shi. Daga nan Malam Sambo Ɗan Ashafa ya tashi ya kafa Gusau, kuma har gobe 'Yandoton Tsafe ake kiran sarkin Tsafe. Abin mamaki, a wannan ƙasa ta alƙalami da tawada, akasarin dukiyar tsofaffi a baki take. Gonar da aka ba ɗa, ɗakin da aka ce na uwargida ne, shanun da aka bayar kiwo, fadamar da aka jinginar shekara ashirin da suka wuce, duk amsar ɗaya ce idan an tambaya: “Ai kowa ya sani.”

A da, wannan amsa ta wadatar. Magidanci yana noma gandu da 'ya'yansa, idan ƙarfi ya ƙare babban ɗa ya karɓi ragama, tsoho ya koma zaure, tuwonsa na zuwa dare da rana. Mai unguwa ya san iyakar kowace gona, liman ya san wanda aka yi wa kyauta, maƙwabta sun san wanda ake bi bashi. Shaidu suna nan a gari ɗaya, ana haihuwarsu a nan, ana binne su a nan.

Ta'addancin 'yan bindiga ya wargaza wannan tsari a ƙauyuka da dama na Tsafe da Bungudu da kewayen Gusau. Gari kan watse a dare ɗaya. Wani shaida ya rasu, wani yana gudun hijira a Gusau, wani ya haura Funtuwa ko Zariya neman abin kai wa baka. An sayar da shanu an biya kuɗin fansa, an jinginar da gona cikin gaggawa ba tare da ko guntun takarda ba. Samari suna iya sake sabuwar rayuwa da acaba ko leburanci. Dattijo mai shekara saba'in da tsohuwar da idonta ya yi rauni ba su da wannan dama, abin da suka tara shi ne jarinsu na ƙarshe, kuma hujjar mallakarsa ta tafi tare da mutanen da suka watse.

Ta fuskar gwamnati, alkawari ya fi aiki yawa. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho, amma yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a farkon 2018, ba ta kama aiki ba sai 2021, shekarar da majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Cibiyar jinyar tsofaffi ta farko a Nijeriya a asibitin koyarwa na Ibadan aka buɗe ta, a 2012. Manomin Bungudu kuwa bai taɓa cin albashi ba balle ya jira fansho. Gidan ajiye tsofaffi irin na Turai ba tsarinmu ba ne, kuma ba wanda ke fatan ya zama. Ke nan abin dogaro biyu ne suka rage: iyali da shari'a.

Shari'ar kuwa ta yi tanadin da mutane da yawa ba su san da shi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan jihar Zamfara ke hukunci da ita, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ko mace, gwargwadon ƙarfin kowa. Risala da ake karantawa a zaurukan malamai ta faɗi haka, kuma alƙali yana iya yanka wa 'ya'ya abin da za su riƙa bayarwa. Sashe na 277 na tsarin mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci hurumi a kan wakafi da kyauta da wasiyya da gado, har da ciyarwa da riƙon Musulmin da ya gaza a jiki ko a hankali. Da wuya a ga uban da zai kai ɗansa gaban alƙali, kunya ba za ta bari ba. Amma sanin cewa haƙƙi ne ba alfarma ba yakan sauya yadda ake magana a zaman sulhu. Sai dai a lura, a wannan mazhaba wajibcin bai hau kan jika ko ɗan ɗan'uwa ba. Tsohon da bai haihu ba, ko wanda 'ya'yansa suka riga shi, shi ya fi kowa bukatar ya tsara dukiyarsa tun da ƙarfinsa.

A nan ne ake yawan tuntuɓe, wato wajen kyauta. Uba ya tara jama'a ya ce ya ba wance gonar rafi, amma shi ke nomanta, shi ke kai amfanin rumbunsa har ya koma ga Allah. Ranar rabon gado sai a ce mata gonar ta shiga cikin gado, kuma masu faɗin haka suna da gaskiya. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa tun mai bayarwa yana raye, da lafiyarsa da hankalinsa. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka.

Akwai wata mas'ala a Muhtasar na Halil da ya kamata kowane mai gida ya ji. Idan mace ta ba mijinta gidan da suke zaune a ciki, zaman da yake yi ya zama hauzi. Idan miji ne ya ba matarsa gidan, ya kuma ci gaba da zama a ciki har ya rasu, kyautar ba ta tabbata ba, domin samar da mazauni dama nauyinsa ne, gidan bai fita hannunsa ba. Dattawa nawa ne suka tafi da natsuwar sun bar wa uwargida rufin asiri, alhali ba su bar mata komai ba? Wanda ke son ya tsare matarsa sai ya ba ta abin da za ta iya riƙewa da kanta tun yanzu, fili ko gona ko dabbobi ko wani gida dabam, a kira shaidu a rubuta.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. A ce mutum ya rasu ya bar gida na naira miliyan 8 a Tudun Wada cikin Gusau, da mata biyu da 'ya'ya, babu bashi babu wasiyya. Tumunin matan naira miliyan 1 ne, kowacce 500,000. Wadda ta haihu za ta raɓa da rabon 'ya'yanta. Wadda ba ta haihu ba tana da damar zama har ta gama takaba, wata 4 da kwana 10, daga nan magada suna iya sa gidan a kasuwa. Mace mai shekara sittin da biyar, iyayenta sun daɗe da rasuwa, ƙauyensu ya tashi, ina 500,000 za ta kai ta?

Wasiyya ba za ta toshe wannan ɓaraka kai tsaye ba, tunda mata magajiya ce, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Iyakarta sulusi, bayan an fitar da kuɗin jana'iza an biya bashi. Amfaninta yana ga waɗanda gado ba zai kai gare su ba: agola, ɗan riƙo, mai hidimar da ta yi shekaru tana jinya, da jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa alhali baffanninsu suna raye. Ƙasar Masar ta mayar da wasiyya ga irin waɗannan jikoki tilas tun 1946. A nan sai kaka ya yi da kansa, kuma a ƙasar da aka kashe magidanta masu yawa aka bar marayu a hannun kakanni, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Masu zuwa wurin lauya su rubuta wasiyyar boko su ma su yi hattara. A shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da ya fifita wasu 'ya'yansa, saboda an rubuta ta a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837. Daga baya wasu jihohi sun gyara dokokinsu. Wanda ke son a raba dukiyarsa bisa Musulunci gara ya sa a rubuta haka ƙarara, ya kuma nemi lauyan da ya san fiƙihu.

Duk wannan maganar bayan rai ce. Shekarun da suka fi wuya su ne na kafin nan, lokacin da shanyewar ɓarin jiki ko makanta ko gigin tsufa ya kwantar da mutum. Yau tsofaffi da yawa katin cirar kuɗinsu da lambar sirri suna aljihun wani jika, shi ke zuwa wurin mai POS, ba mai tambayarsa lissafi. Hanyar da ta fi tsabta ita ce wakilci a rubuce: wane ne wakili, me aka ba shi iko a kai, wa zai riƙa nuna wa lissafi. Wakilci yana ƙarewa da rasuwar mai shi. Idan kuma hankali ya riga ya gushe, sa hannu ko dangwalen tsoho a takardar ciniki ba shi da ƙima, alƙali ne zai naɗa mai kula da dukiyarsa. Gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, tsohuwar da ke sambatu ko fita da dare likita take bukata, ba zargin maita ba. Sunan ɗan'uwa mafi kusa da ake rubutawa a fom ɗin banki shi ma bai mayar da kowa magaji ba. Banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu kafin su saki kuɗi.

Jinya kuwa kusan kullum a kan mata take faɗawa, 'ya ko suruka, sau da yawa ba godiya ba sisi. Iyalin da suka zauna tun da wuri suka raba nauyi, wane kuɗin magani, wane hatsi, wance kwana, wa zai raka tsoho Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin Yariman Bakura a Gusau, sun rage wa kansu gaba. A tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko ana rajistar tsofaffi a asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ko a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA. Mabukata kuma suna da haƙƙin miƙa kokensu ga Hukumar Zakka da Wakafi ta jihar.

Rashin kuɗin lauya ba hujja ba ce ta zama haka. Hukumar ba da agajin lauya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha, kuma dokarta ta 2011 ta tanadi taimako ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, naira 70,000 tun 2024. A kotun shari'ar Musulunci mutum yana iya tsayawa da bakinsa cikin Hausa. Takardar ma ba sai da Turanci ba, boko ko ajami duk sun yi, muddin ta bayyana dukiyar da iyakokinta, da kwanan wata, da shaidu adalai biyu waɗanda ba su da rabo a ciki. A kai wa hakimi ko uban ƙasa ya buga hatimi, a yi kwafi a ajiye a gari biyu, a ɗauki hotonta a waya.

Nauyin fara maganar yana kan 'ya'ya masu ilmi da limamai, domin tsoho yakan ji kamar ana kiran masa mutuwa, ɗa kuma yana tsoron a ce ya ƙosa ya ci gado. Limaman Juma'a na Gusau da Tsafe da Bungudu su ware huɗuba guda su yi wa jama'a bayanin hauzi da wasiyya da haƙƙin iyaye. Mai karatu da ke da tsoho a gida kuma ya samu lokaci a makon nan ya zauna da shi, da biro da takarda, su fara da basussuka da gonakin da ke jingine.