Mai Wankin Miki a Khartum da Omdurman

Duk wanda ya taɓa zama a Omdurman, ya kuma yi sammako wata rana ya bi ta ƙofar ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin unguwa, waɗanda tsofaffin garin har yanzu suke kira shafakhana, watau abin da mu muke ce wa asibitin sha-ka-tafi, lalle zai tarar da jama'a iri biyu a kan benci. Akwai masu jiran likita ya duba su ya rubuta magani. Akwai kuma waɗansu a gefe guda, kowa da ƙulli a jikinsa, wannan a yatsa, wancan a ƙwauri, wani a ka, waɗanda ba likita suke jira ba, jiran wani ma'aikaci suke yi wanda ba a rubuta sunansa a allon ƙofa. Shi ne mutanen Sudan suke kira tamarji, mu kuwa a da muna ce masa diresa. Aikin da ake zuwa wurinsa dominsa suna ce masa ghiyar, kalmar Larabci ce mai ma'anar sauyi, watau sauya auduga da bandeji, kada baƙo Bahaushe ya ji an ce za a kai shi ɗakin ghiyar ya yi ta a'uziyya yana zaton giya ake nufi.

Wannan sana'a tsohuwa ce a ƙasar, kuma larura ce ta haife ta. Makarantar koyon likitanci ta Kitchener, wadda daga baya ta zama wani sashe na Jami'ar Khartum, ba a buɗe ta ba sai a 1924, ɗalibanta na farko kuwa da suka fita a 1928 ba su kai goma ba, alhali ƙasar a wancan zamani ita ce mafi faɗi a Afirka duka. Da yake babu yadda za a yi likita ya isa kowane ƙauye, sai hukuma ta jingina ga horar da mataimaka, waɗanda ake koya musu wankin miki, da ɗinkin yanka, da fasa maruru, da gane cutar da ta fi ƙarfinsu don su tura ta gaba, aka baza su cikin shafakhanoni, mutanen karkara suna kiran mataimakin likita hakim. Ƙasa da shafakhana ma akwai wani ɗan ɗaki da sunansa ya bayyana aikinsa, nuƙɗat ghiyar, watau tashar wankin miki. A Omdurman ɗin kuma aka buɗe makarantar ungozoma a 1921 ƙarƙashin wata Baturiya mai suna Mabel Wolff, inda ake koya wa matan da ba su iya karatu ba gane magunguna da ƙamshinsu da ɗanɗanonsu, da tafasa almakashi kafin a yanke cibiya. Ke nan kiwon lafiyar Sudan a kan hannun mataimaka aka gina shi tun farko.

Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan aiki. Malaman sira sun ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da hema a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi ranar Khandaƙu. Abul Ƙasim az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya keɓe juzu'in ƙarshe na littafinsa at-Tasrif ga aikin fiɗa, ya zana siffofin kayan aikin da hannunsa. Abin da magabata ba su riska ba shi ne sababin ruɓewar miki, watau ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani, har sai da Joseph Lister na Birtaniya ya nuna a 1867 cewa idan aka tsarkake hannu da kaya da raunin kansa, mace-macen da ke biyo bayan tiyata suna raguwa ƙwarai.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya bambance abu biyu da sukan rikice wa jama'armu, watau ɗaharar shari'a da tsabtar asibiti. Aska tana iya zama mai tsarki a hukuncin fiƙihu, babu najasa a kanta, tana walƙiya kamar madubi, amma tana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta ko ta ƙanjamau daga jinin wanda aka yi wa aiki da ita ɗazu. Saboda haka aikin tamarji yana farawa tun kafin majinyaci ya shigo. Zai wanke almakashi da hantsaki da mariƙin allura da sabulu da buroshi har ya kawar da duk wani busasshen jini daga gaɓoɓinsu, domin zafi ba ya ratsa dauɗar da ta daskare, sa'an nan ya jera su cikin tukunyar tururi mai murfin ƙarfe, wadda zafinta yake kai maki 121, su yi daga minti 15 zuwa 30 gwargwadon yadda aka naɗe su. Inda babu wannan tukunya akan tafasa su minti 20, wannan kuwa hukuncin larura ne, bai kai na farko ba. Reza da allura da safar hannu na mutum ɗaya ne, ba a maimaita su. Majinyaci yana da haƙƙin ya ga an yage takardarsu a gabansa, kuma ba rashin kunya ba ne ya tambaya.

Idan an zo aikin kansa, ko cire wani ɗan ƙullutu ne, ko fasa karkare, ko ɗinke goshin yaron da ya faɗo daga katanga, likita shi ke riƙe da wuƙa, amma mataimaki ne yake kwantar da majinyaci, ya tambaye shi ko yana da ciwon sukari, ko yana shan maganin tsinka jini, ko wata allura ta taɓa tayar masa da borin jini, ya shafe fatar da aidin yana farawa daga tsakiya yana kewayawa zuwa waje ba tare da komowa baya ba, ya miƙa allurar kashe zafi, ya riƙa tsane jini don likita ya ga abin da yake yi, ya yanke zare bayan kowane ƙulli. Idonsa ɗaya yana kan miki, ɗaya yana kan fuskar mai mikin, domin sau da yawa ƙaton da ya shigo yana cika baki shi ne yake fara yin gumi ya nemi suma da ganin jininsa. Bayan an gama ya ƙirga kayansa, ya jefa masu kaifi cikin akwatinsu. Ni a ganina, mataimakin da ya iya hira da yaro mai kuka har a gama ɗinki ya fi wanda ya haddace sunayen kayan aiki da Turanci.

Ba kowane rauni ake ɗinkewa ba, wannan kuwa yana jawo gardama a ɗakin ghiyar kusan kullum. Yanka mai tsabta da aka kawo cikin sa'o'i shida ko makamancin haka, shi ne ake rufewa. Wanda ya kwana, ko ya cika da ƙasa, ko cizon kare, galibi akan wanke shi a bar shi a buɗe, domin wanda ya ɗinke dauɗa a ciki ya gina wa mugunya ɗaki. Maruru ma idan an fasa shi ba a ɗinkewa, barinsa ake yi ya cike daga ƙasa zuwa sama. Zare kuwa yana da wa'adi: na fuska wajen kwana 5, na hannu da ƙafa daga kwana 10 zuwa 14. Cizon kare ana wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 kafin a garzaya neman rigakafin haukan kare, ƙuna ana sanyaya ta da ruwa minti 20, ba da ƙwai ko man goge baki ba. Mutanen Sudan suna da al'adar barbaɗa garin gahawa a sabon yanka, kamar yadda namu suke sa toka ko ƙasa ko baƙin mai, duk kuwa aikin banza suke ƙara wa tamarji, wanda sai ya kankare su tsaf kafin ya ga zurfin raunin, mai ƙasa a miki kuma sai an yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora.

Na taɓa raka wani dattijo daga cikin 'yan uwanmu Hausawan Omdurman, zuriyar maniyyatan da hanyar Makka ta zaunar da su a bakin Nilu, zuwa wata shafakhana, kwana huɗu bayan an ɗinke masa dunduniya. Da aka kwance bandejin sai ga shi jiƙe sharkaf, bakin mikin ya yi fari ya kumbura. Tamarjin, wani saurayi mai natsuwa, ya ɗaga kai ya ce da Larabci, “Ya Hajj, me ya jiƙa wannan?” Dattijon ya juyo gare ni ya ce, “Ɗana, gaya masa alwala nake yi. Ko don ƙafa zan bar salla?” Sau biyar a yini yake kwance ƙullin, ya wanke ƙafar da ruwan buta, ya mayar da tsohon ƙyallen. Saurayin bai yi masa faɗa ba, sai ya tambaye shi ko malaminsa bai karantar da shi babin shafa a kan jabira ba, watau ɗaurin rauni. Nan dattijon ya yi shiru, don ya san babin. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda mu da mutanen Sudan muke bi, sun bayyana cewa wanda yake tsoron wanke rauni zai ƙara masa ciwo ko ya jinkirta warkewarsa, yana shafa hannu mai danshi a kan ɗaurin, idan ma raunin ya game mafi yawan gaɓoɓi ya koma ga taimama. Rangwame ne daga shari'a, ƙin karɓarsa kuwa ba tsentseni ba ne.

Wani dalilin da ya sa bai kamata a raina ƙaramin miki a Sudan ba shi ne wata cuta da mutanen ƙasar suke kira nabit, Turawa suna danganta ta ga Madura ta ƙasar Indiya inda aka fara siffanta ta. Ƙaya ce take soke manomi ko makiyayi mai tafiya ba takalmi, ta shigar masa da ƙwayar cutar daga ƙasa, sai wani ɗan kumburi ya fito wanda ba ya zafi, da yake kuma ba ya zafi sai a ƙyale shi shekara da shekaru, har ya huda ƙofofi yana fitar da ruwa da waɗansu ƙwayoyi, baƙaƙe a mafi yawan lokaci, kamar tsabar gero, daga bisani ya ci ƙashi. Ta fi yawa a Jazira da Sinnar da Farin Nilu, yankunan da akwai Hausawa manoma da yawa, har da garin Mai Wurno. A 1991 Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa cibiyar binciken wannan cuta a asibitin Soba na Jami'ar Khartum, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan an gane ta da wuri, magani na watanni da ƙaramar fiɗa sukan wadatar. Idan an makara, sau da yawa sai yanke ƙafa. Wanda yake fara ganin wannan kumburi kuwa ba farfesa ba ne, mataimaki ne a ƙauye, kuma babbar gwanintarsa a nan ita ce ya kame hannunsa daga tsagawa, ya rubuta takarda ya tura mutumin gaba.

Haka lamarin mai ciwon sukari yake, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka mutu har ƙusa ta shige shi bai ji ba. Cibiyar Jabir Abul Izz da ke Khartum, wadda aka buɗe a 1998, ta yi suna wajen ceto irin waɗannan ƙafafu, kuma mafi yawan aikin ba wani abu ba ne illa yanke mataccen nama, da wanki da ruwan gishirin asibiti, da sauya ɗauri, yau da gobe, wata da watanni, aikin da ba ya son gaggawa ko ƙyama.

Ba na cikin masu zagin wanzami da maɗori, wanda a Sudan ake ce wa basir. Sun yi wa al'umma hidima tun babu asibiti, kuma akwai masu basira a cikinsu. Amma aska ɗaya ga mutum goma, da ɗauri mai tsanani wanda yake tsayar da jini har yatsu su yi baƙi, waɗannan ba gado ba ne da za a yi alfahari da shi. Alamomin da suke wajabta komawa asibiti ba tare da jiran ranar alkawari ba sanannu ne: ja mai yaɗuwa, zogi mai ƙaruwa bayan kwana biyu, wari, mugunya, zazzaɓi, ko yatsun da suka yi sanyi suka daina ji.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, sai mafi yawan manyan asibitocin birnin suka rufe, cibiyar nabit ta Soba ma aka wawashe ta. Asibitin an-Nau da ke arewacin Omdurman yana cikin kaɗan da suka ci gaba da aiki, can aka kwashi waɗanda harin kasuwar Sabrin ya rutsa da su ranar 1 ga Fabrairu 2025, inda mutum fiye da 50 suka rasu. A unguwanni kuwa matasa suka kafa abin da suke kira ɗakunan agajin gaggawa a makarantu da masallatai, ma'aikatan jinya da ɗaliban likitanci suna tafasa hantsaki a kan gawayi, suna cire ɓaraguzan ƙarfe da fitilar waya, suna koya wa maƙwabta yadda ake danne jini da tafin hannu har a sami motar da za ta kai mutum an-Nau.