Wikki: Me ya sa ruwan marmaron Yankari ba ya hucewa?

Duk wanda ya taɓa jan ruwa daga rijiya mai zurfi a Gumel ko Sule Tankarkar da asubahin hunturu ya san cewa ruwan kan fito da ɗumi, alhali na randa ya yi sanyi ƙarara. Babban dalilin shi ne, ƙasa na kare ruwan rijiya daga sanyin iska; ban da haka, gwargwadon zurfin da aka yi cikin ƙasa, gwargwadon ƙaruwar zafi. Masana sun ƙiyasta cewa zafin kan ƙaru da kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ɗaya.

Wannan ka'ida ce ke aiki a marmaron Wikki da ke dajin Yankari, a ƙaramar hukumar Alƙaleri ta jihar Bauchi. Ruwan sama kan tsotse cikin dutsen yashi, ya gangara can ƙasa inda zai ɗau zafi, sannan ya ɓullo daga gindin wani tsauni. Shi ya sa ɗuminsa yake tsaye a kan kimanin digiri 31, dare da rana, rani da damina. Kimanin lita miliyan 21 ke kwarara daga cikinsa kullum zuwa Kogin Gaji, wanda giwaye da ɓauna da sauran namun dajin ke dogaro da shi idan rani ya tsananta.

An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, kafin a mayar wa gwamnatin Bauchi da shi a 2006.

Launin ruwan Wikki, tsakanin shuɗi da kore, ya samo asali ne daga tsabtarsa da kuma farin yashin da ke ƙarƙashinsa. A gandun Yellowstone na Amurka kuwa, wanda aka kafa a 1872, marmaron Grand Prismatic na da zobba na rawaya da ruwan lemo da kore, waɗanda wasu ƙananan halittu masu rayuwa cikin zafi ke haifarwa. Zafinsa ya kai kimanin digiri 70, don haka shigarsa halaka ce. A Wikki kuwa, iyo ake yi.

Yellowstone ɗin na da darasi ga Yankari. Akwai wani marmaro a can mai suna Morning Glory, wanda maziyarta suka shafe shekaru suna jefa masa kwabbai da duwatsu da shara. Tarkacen ya toshe wani ɓangare na hanyar ruwan, zafin ya ragu, shuɗin da aka san shi da shi ya rikiɗe zuwa kore da rawaya. Ledar ruwa da robar lemo da sabulun wanka na iya dusashe Wikki sannu a hankali, kuma abin da ya gurɓata a nan sai ya isa bakin dabbobin da ke sha a Gaji.

Ga ɗan kasuwar Maigatari ko ma'aikacin Gagarawa da ke son kai iyalinsa, hanyar ita ce ta Dutse da Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, sannan a ɗauki titin Gombe a karya a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar akwai tafiyar kimanin kilomita 40 kafin sansanin Wikki, don haka sammako ya fi. Lokacin rani ne aka fi ganin dabbobi, saboda ciyawa ta bushe kuma sun taru a bakin kogi. A sa ido kan yara, domin wani sashe na ruwan ya kusa mita biyu a zurfi. A kuma killace abinci, don birai na yawo a sansanin, kuma sun saba da fizge abin hannun baƙi.