Yadda tsutsar siliki ke zama mace ko namiji

Masu aikin babbar riga a Kano sun san zaren tsamiya, wanda tsutsar daji ke saƙawa. Tsutsar siliki da ake kiwo a Sin da Japan daban ce, tana cin ganyen mulberi, kuma a kanta masana suka warware wata tsohuwar tambaya.

A jikin ɗan Adam, uba ne ke ba da abin da ke sa a haifi namiji ko mace. A wannan tsutsa uwa ce, kamar kazar da ke kiwo a tsakar gida: mace tana ɗauke da ƙwayoyin gado Z da W, namiji Z biyu. An daɗe da sanin W ke kawo mace, amma ta wace hanya?

A 2014 Takashi Kiuchi da Susumu Katsuma na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsu suka wallafa amsar a mujallar Nature. W tana fitar da ɗan guntun RNA mai harafi 29 kacal, mai suna Fem piRNA. Shi ke bin saƙon da wani sashen gado na Z mai suna Masc ke aikawa, ya datse shi. Idan an datse, ƙwan ya zama mace. Idan saƙon ya tsira, namiji. Da suka rufe bakin guntun, ƙwan mace ya karkata ga tsarin namiji.

Masu kiwo na da dalilin sa ido a nan: namiji ya fi ba da siliki, domin ba ya kashe ƙarfinsa wajen yin ƙwai.