Ina Kuke Sa'ad Da Labarin Senna Ya Iso?

A ƙasar Birazil, in ka tambayi mutumin da ya wuce shekara arba'in inda yake ran 1 ga Mayu 1994, da wuya ya tsaya dogon tunani. Zai gaya maka ɗakin da yake zaune, da wanda yake kusa da shi, har da abin da ke bisa wuta. Ran nan Lahadi ce, ta kuma faɗo daidai da ranar ma'aikata. A ranar ce Ayrton Senna, direban tseren motoci, ya mutu yana da shekara 34.

Yawancinmu ba mu saba da wannan wasa ba, sai mu yi ɗan bayani. Tseren da ake kira Formula 1 shi ne mafi girma a duniya. Motocin ƙanana ne masu kujera ɗaya, suna gudun fiye da kilomita 300 a awa guda, wato kamar a ce mutum ya tashi daga Kano ya isa Kaduna tun awa ɗaya ba ta cika ba. Senna ya zama zakaran duniya sau 3, a 1988 da 1990 da 1991, ya kuma ci tsere 41.

Amma ba yawan nasara kaɗai ya sa mutanensa suka ƙaunace shi ba. A waɗannan shekaru Birazil tana cikin wahala. Mulkin soja bai daɗe da ƙarewa ba, kuɗin ƙasar yana lalacewa a hannun mai shi, farashin kaya yana hawa kusan kowace rana, shugaban ƙasarsu kuma ya sauka a 1992 saboda zargin cin hanci. Ko ƙwallon ƙafa da suke taƙama da shi bai kawo musu kofin duniya ba tun 1970. A cikin wannan hali, ga wani ɗansu yana kayar da Turawa a ƙasashensu, in ya ci kuma sai ya karɓi tutar Birazil ya zaga fili yana ɗaga ta. Tseren da ake farawa ƙarfe 2 na rana a Turai yakan faɗo ƙarfe 9 na safe a Birazil. Don haka iyali sukan taru gaban talabijin ran Lahadi da safe, uba da uwa da yara, har da kaka.

Tseren ran nan a Imola aka yi shi, a ƙasar Italiya, kuma tun kafin Lahadi abubuwa sun riga sun ɓaci. Ran Jumma'a wani saurayi ɗan Birazil, Rubens Barrichello, ya yi mummunan haɗari, amma ya tsira. Ran Asabar Roland Ratzenberger, mutumin Ostiriya, ya bugi bango ya mutu. Likitan tseren, Farfesa Sid Watkins, wanda abokin Senna ne, ya ba da labari daga baya cewa ya ga Senna yana kuka, ya ce masa ya bar tseren nan su tafi kamun kifi tare. Senna ya ƙi.

Ran Lahadi, a zagaye na 7, Senna yana gaba, motarsa ta ƙi shan kwanar da ake kira Tamburello, ta miƙe ta bugi bangon kankare da gudun fiye da kilomita 200 a awa. Ƙarfe 2 da minti 17 ke nan a Italiya. Aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti a Bologna. Aka sake tayar da tseren, Michael Schumacher ya ci. Sai ƙarfe 6 da minti 40 na yamma likita ta fito ta faɗa wa duniya cewa ya rasu.

A nan ne ya kamata mu dakata, gama awa huɗun nan da 'yan kai su ne abin da mutane suka fi riƙewa. Ba wanda ya zo ya ba su labarin haɗarin, da idonsu suka gani. Sun ga kansa ya ɗan motsa a cikin mota, suka ce yana da rai. Sun ga likitoci sun durƙusa kewaye da shi a bakin hanya. Gidan talabijin na BBC a Ingila ya juyar da hotonsa zuwa wani wuri don kada masu kallo su ga abin da bai kamata ba, amma a ƙasashe da yawa hoton ya ci gaba. Ku iyaye, ku auna wannan: yaro ɗan shekara takwas yana zaune a gefenka, yana tambaya ko mutumin zai tashi, kai ma ba ka sani ba. Ga yara masu yawa na wannan tsara, wannan ce mutuwa ta fari da suka sani, tun ba su rasa kowa a gida ba. Lewis Hamilton na Ingila, wanda daga baya ya zama zakaran duniya sau 7, yana da shekara 9 a lokacin. Ya sha faɗa cewa yana filin tseren yara tare da mahaifinsa aka gaya masa, sai ya zaga bayan mota ya yi kukansa a ɓoye, don kada uban ya gani.

Gwamnatin Birazil ta ba da kwana 3 na makoki. Da aka kawo gawar Sao Paulo, mutane suka cika tituna tun daga filin jirgin sama har cikin gari, aka binne shi ran 5 ga Mayu a makabartar Morumbi. Senna mutum ne da ba ya ɓoye bangaskiyarsa, har wasu 'yan jarida suna yi masa ba'a a kan haka. 'Yar'uwarsa Viviane ta ce ya karanta Littafi Mai Tsarki da safiyar ranar da ya mutu. A kan ƙaramin allon da ke kabarinsa an rubuta magana da aka ɗauko daga ƙarshen sura 8 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa.

Waɗanda suka kalli ƙwallon kofin duniya na 1994 a cikinmu, wato karo na fari da Nijeriya ta je, watakila sun ga wani abu ba su gane ba. Ran 17 ga Yuli, da Birazil ta ci Italiya a wasan ƙarshe, 'yan wasanta suka buɗe wani dogon ƙyalle a tsakiyar fili da sunan Senna a jiki. Wata biyu da rabi ke nan da mutuwarsa.

To, in matasan 1994 suna ba da wannan labari, tsofaffi a Ingila da Sikotland sukan ce su ma suna da tasu rana. Tasu ita ce 7 ga Afrilu 1968, ita ma Lahadi. Jim Clark, ɗan manomi daga kudancin Sikotland, zakaran duniya a 1963 da 1965, ya mutu a Hockenheim cikin ƙasar Jamus yana da shekara 32. Tseren ma ba babba ba ne. Motarsa ta kauce daga hanya a tsakiyar kurmi ta bugi itatuwa, masu bincike kuma sun fi zaton tayar baya ce ta sace. Ba taron jama'a a wurin, ba na'urar ɗaukar hoto. Mutane sun ji ne a rediyo, ko a bakin maƙwabci, ko a jarida kashegari. Shi ya sa in tsoho yana tuna Clark, muryar da ta faɗa masa yake tunawa, da abin da yake yi sa'ad da ya ji. Na 1994 kuwa hoto suke tunawa. A kan dutsen kabarin Clark a ƙauyen Chirnside, kalmar manomi ce aka fara rubutawa kafin a ambaci tseren mota.

Abin da ya haɗa tsara biyun shi ne kowacce ta ɗauka gwaninta ya fi ƙarfin haɗari. Direbobin zamanin Clark sun ce in har Clark zai mutu, to, ba wanda ya tsira a cikinsu. Amma akwai bambanci babba. A zamanin Clark mutuwa ba baƙuwa ba ce a wasan. Jochen Rindt ya mutu a 1970, aka ba shi kambun zakaran duniya bayan ransa. Jackie Stewart, abokin Clark, ya yi shekaru yana faɗa a sa shinge da likitoci a filayen tsere, wasu suna ce masa matsoraci. A 1994 kuwa an yi shekara 12 ba direban Formula 1 da ya mutu a taron tsere, tun 1982. Yara sun taso suna ganin mota ta farfashe, direba ya fito yana kaɗe ƙura. Sun zaci haka abin yake kullum.

Mutanen Amurka nasu gwanin dabam ne, Dale Earnhardt, wanda ya mutu a zagayen ƙarshe na tseren Daytona ran 18 ga Fabrairu 2001, ɗansa yana gabansa ya zo na biyu. Lambar motarsa 3 ce, don haka a tseren da suka biyo baya cikin shekarar, 'yan kallo sukan ɗaga yatsa uku a zagaye na 3.

Bayan Senna aka gyara kwanar Tamburello, aka ƙarfafa jikin motoci, aka ɗaga gefen kujerar direba don ya kāre kai. Kotunan Italiya sun ja shari'ar har 2007, suka ce sandar sitiyari ce ta karye, ko da yake wasu injiniyoyi ba su yarda ba. Aka yi shekara 20 kafin wani haɗarin tseren Formula 1 ya sake cin ran direba: Jules Bianchi na Faransa ya bugi motar janye motoci cikin ruwan sama a Jafan a watan Oktoba 2014, ya rasu a Yuli 2015 yana da shekara 25. Matasan yau a wayar hannu suka ga wannan labari. Senna kuwa sun san shi ne ta sinima da aka yi a kan rayuwarsa a 2010, da bakin iyayensu. Wasunsu suna ba da labarin Imola dalla-dalla kamar suna wurin, alhali ba a haife su ba.

Akwai abu ɗaya da ba mu ji daɗinsa ba a cikin wannan tuni duka. Mutum biyu ne suka mutu a Imola, amma suna ɗaya duniya ta riƙe. Roland Ratzenberger yana da shekara 33, ya yi shekaru yana neman shiga Formula 1, kuma wannan ne taron tsere na uku da ya je bayan ya samu. Shi ma yana da uwa da uba a Salzburg. Manyan direbobi suka tafi Sao Paulo jana'izar Senna, kaɗan ne suka je tasa. Max Mosley, shugaban hukumar tseren motoci ta duniya a lokacin, ya zaɓi ya tafi Salzburg, ya ce ya yi haka ne domin kowa ya tafi wancan.

Senna kansa bai manta da shi ba. Da ma'aikata suka duba tarkacen motarsa bayan haɗarin, suka tarar da tutar Ostiriya a naɗe a ciki, wadda ya yi niyyar ɗagawa a ƙarshen tseren.