Yadda Sauya Ƙwayoyin Gado Ya Tona Asirin Kwalara

Kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa, tana yawan ɓarkewa da damina a Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma tun a 1884 Robert Koch ya nuna a birnin Kalkata na Indiya cewa wata lanƙwasasshiyar bakteriya mai suna Vibrio cholerae ce ke haddasa ta. Sai dai kama mai laifi daban, gano makaminsa daban, domin wannan bakteriya tana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 3,900, wato sassan DNA da kowannensu ke ƙunshe da umarnin haɗa wani sinadari, alhali ƙalilan ne daga cikinsu ke da hannu a cutar.

A 1988 Stanley Falkow na Jami'ar Stanford ya shimfiɗa ƙa'idar tantance su: a cire ƙwayar gadon da ake zargi a ga ko ƙarfin cutarwa ya ragu, sannan a mayar da ita a ga ko ya dawo. Irin wannan gwaji ya tabbatar da cewa ƙwayoyin ctxA da ctxB ne ke samar da dafin da ke tilasta wa hanji tsiyayar da gishiri da ruwa, har majinyaci ya riƙa zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, idanu su faɗa, fata ta yanƙwane cikin sa'o'i kaɗan.

Inda ba a san wadda za a zarga ba, akan saki wani guntun DNA mai tsalle, wanda ke faɗawa cikin ƙwayoyin gado barkatai ya lalata duk wadda ya faɗa wa, sannan a tace dubban bakteriyar domin a ware waɗanda suka nakasa. Ta haka aka gano wasu siraran zaruruwa da ake kira TCP a 1987, waɗanda idan babu su bakteriyar ba ta iya kafuwa a hanji.

Amfanin wannan ilimi ya bayyana a rigakafi, domin masana a Jami'ar Maryland sun yanke mafi yawan ctxA, suka bar bakteriya mai rai da ke horar da garkuwar jiki ba tare da dafi mai aiki ba, kuma Amurka ta amince da ita a 2016 da sunan Vaxchora.

Abin da ya fi jan hankali shi ne binciken Matthew Waldor da John Mekalanos na 1996, wanda ya nuna cewa wani bairos mai kama bakteriya ne ke kawo ƙwayoyin gadon dafin, kuma ta kan zaruruwan TCP yake shiga. Ke nan bakteriyar da ba ta da dafi tana iya samun sa daga baya, saboda haka ganin ta a ruwan rijiya bai wadatar ba, sai an binciki ko tana ɗauke da ctxA da ctxB. Wannan ya sa ɗakunan gwaje-gwajen da ke iya karanta DNA suka zama wajibi a jihohin da annobar ke addaba duk shekara.