Abin da ya sa Arduino ke ba da lambar ƙarya wajen auna igiyar rediyo

Duk wanda ya kunna rediyo a Sama Road da ke birnin Sakkwato zai iya kama Rima FM a kan mita 97.1. Ma'anar wannan lamba ita ce igiyar da tashar ke watsawa tana kai da komo sau miliyan 97.1 a cikin daƙiƙa ɗaya. Bugu ɗaya a daƙiƙa shi ake kira haz, miliyan ɗaya kuma megahaz.

Tambayar da ta shafi ɗaliban injiniya da masu gyaran rediyo da infata ita ce: shin ƙaramar na'urar nan ta Arduino za ta iya auna wannan gudu? Ita kaɗai ba za ta iya ba. Matsalar ita ce ba ta nuna ta gaza. Takan fitar da lamba a allo, mai kama da gaskiya, wadda ɗalibi zai iya kwafewa cikin kundin kammala digirinsa.

An ƙirƙiro Arduino a garin Ivrea na Italiya a shekarar 2005 domin koyar da ɗalibai. Samfurin Uno, wanda ya fi yaɗuwa, yana ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P mai gudun megahaz 16. Hanya biyu ake bi a yi awo da ita.

Ta farko ita ce ɗibar samfuri: na'urar ta leƙa ƙarfin wutar siginar, ta rubuta, ta sake leƙawa. A tsarinta na asali, Uno na yin haka kusan sau 9,600 a daƙiƙa. Akwai ƙa'ida da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta nuna dole yawan leƙen ya haura ninki biyu na gudun abin da ake aunawa. Ke nan iyakar Uno ta wannan hanya ba ta kai haz 5,000 ba.

Abin da ke faruwa bayan iyakar shi ne abin lura. Wanda ya taɓa ɗaukar bidiyon Keke Napep tana gudu ya ga yadda tayar ke bayyana kamar tana juyawa a hankali, ko ma da baya. Kyamarar ce ba ta leƙawa da saurin da ya ishe ta. Haka Arduino take: a ba ta sigina mai haz 10,000, sai ta nuna 400. Babu wata fitila da za ta kunnu ta ce an yi kuskure.

Hanya ta biyu ita ce ƙidaya. A cikin ƙwaƙwalwar akwai ma'ƙirgi da ake kira Timer1, wanda ke karɓar bugu ta ƙafa ta 5 yana lissafawa da kansa. Kamfanin da ya ƙera ta ya ba da shawarar kada siginar ta wuce gudun agogon a raba da 2.5, wato megahaz 6.4. Wannan ci gaba ne babba, domin ya rufe matsakaicin zango baki ɗaya. Amma gajeren zango, inda dattawa suka daɗe suna kama BBC Hausa da Muryar Amurka, yana kaiwa har megahaz 30, FM kuwa tsakanin 87.5 da 108 take.

Dabarar masu sana'ar ita ce a sa wani ɗan guntu mai rarraba bugu a gaba, irin MB506, wanda ke fitar da bugu ɗaya duk bayan 64. Mita 97.1 za ta koma kusan megahaz 1.517, Arduino ta ƙirga cikin sauƙi, sannan a ninka sakamakon da 64. Sai dai siginar da eriya ke kamowa daga iska ba ta da ƙarfi ko kaɗan, alhali ƙafar Uno na buƙatar kimanin bolt 3 kafin ta gane bugu, kuma duk tashoshin garin a cakuɗe suke shigowa. Dole a tace, a kuma ƙara ƙarfi.

Ko an yi duk wannan, saura agogo. Uno ta asali tana dogara ne da wani ɗan guntun tangaran maimakon kiristal, kuma irinsa na iya kaucewa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A mita 97.1, wannan ya kai kilohaz 485, alhali tazarar kilohaz 100 ce tsakanin 97.1 da 97.2. Zafi ma yana motsa gudun agogon, a garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Awon da aka yi da asuba zai iya saɓa wa na azahar. Ana gyara wannan da ƙaramin na'urar GPS, mai ba da bugu ɗaya daidai a kowace daƙiƙa, a daidaita agogon da shi.

A ganin wannan wakili, lambar da ta fito daga irin wannan haɗi ba ta isa hujjar cewa wata tasha ta kauce daga mitar da Hukumar NBC ta ba ta ba, balle a ce an auna turakun kamfanonin waya, waɗanda ke aiki a megahaz 900 da 1,800. Mai son ganin abin da ke yawo a iska ya fi dacewa ya nemi RTL-SDR, wata na'ura mai kama da filasha da ake sokawa a kwamfuta, tana kamawa daga kusan megahaz 24 zuwa sama da 1,700.

Inda Arduino ta yi fice shi ne ƙasa-ƙasa. Wutar gida a Nijeriya haz 50 ce, kuma makanikin janareto ko mai haɗa sola zai iya gane ko injin yana gudu fiye da ƙima da haɗi mai arha. Sharaɗin shi ne kada a taɓa jona wayar bolt 230 kai tsaye da allon. Sai ta bi ta ƙaramar tiransifoma mai rage wuta.